Gafiya da Ganuwar Ƙuli-ƙuli

Ga ta nan, ga ta nan ku.

A zamanin da dabbobi suke kafa garuruwa kamar mutane, an yi wani gari a gindin duwatsun Rano, daura da hanyar da ta miƙe zuwa Kibiya. Ana ce wa garin Jiki. Zaki ne sarki, Kunkuru ne Ma'aji, Jaki ne Sarkin Ƙofa. Ƙofar garin ɗaya ce tak, duk abin da za a ci ta nan yake shiga. A bakin ƙofar ta waje wata Tunkiya take da bukka. Ita ke dafa abincin gari ta miƙa wa Jaki safe da rana da dare, kuma babba da yaro Inna suke ce mata.

Dukiyar garin iri uku ce. Akwai rake, wanda ake sha kullum, shi ke ba kowa kuzarin tashi. Akwai tulunan man gyaɗa jere a rumbu, ajiyar baƙar rana. Sannan akwai ganuwa, wadda aka gina da tubalin ƙuli-ƙuli, mai kauri har mahaya biyu su jera a kanta. Ita ce ƙarfin garin. A jikinta aka kafa ɗakin zuga-zugin da ke hura wa gari iska, a jikinta kuma aka kafa gwafannin rijiyar da ake ja dare da rana ana raba wa unguwanni ruwa.

Ganuwar nan kullum cikin rushewa take, kullum kuma cikin ginuwa. Da asuba Ƙadangaru biyu, wa da ƙane, sukan fito da tukunyar baba, don ƙasar Rano ƙasar rini ce tun zamanin Hausa Bakwai. Su bi ganuwa suna ƙwanƙwasa tubali ɗaya bayan ɗaya. Wanda suka ji ya tsage sai su ɗiga masa shuni. Tubalin da ya samu ɗigo huɗu, Gara ta zare shi ta kai turminta ta niƙe shi luƙui. In abinci ya shigo ta ƙofa, Kurciya ta tashi ta sanar da Zanzaro, shi da 'ya'yansa su kwaɓa tsohon niƙa da sabon ƙuli, su buga tubali, su cike gurbi kafin la'asar. Bushiya tana gefe tana kallo. In ta ga magina sun zarce ta ce musu ya isa haka, kada ganuwa ta cinye filin gari.

Mai karatu, ganuwar nan tsokar jikinka ce. Ta kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin namiji baligi, kuma nan ne jiki yake tara mafi yawan furotin ɗinsa. A kowace rana jikin baligi yana warware furotin giram 250 zuwa 300, ya sake ƙulla kwatankwacinsa, shi ya sa ba ya ganin canji a damtsensa. Shunin wani ɗan ƙaramin furotin ne mai suna yubikwitin, turmin Gara kuma furotiyasom. Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose sun sami kyautar Nobel a 2004 saboda gano yadda wannan ɗigo da wannan turmi suke aiki. Ƙadangarun biyu sai a 2001 aka san su, MuRF1 da atrogin-1. Kurciya ita ce insulin. Bushiya kuwa mayostatin ce, wadda Se-Jin Lee da Alexandra McPherron suka gano a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a 1997. Akwai wani irin shanu a ƙasar Beljiyam da ba ta aiki a jikinsu, tsoka ta yi musu yawa har sau da yawa sai an yi wa saniya tiyata ake ciro maraƙi.

To, wata shekara aka yi fari irin wanda dattawa suka gani a 1973, tun ba a gama madatsar ruwan Tiga ba. Inna ta ɗora tukunya ba abin zubawa. Zaki ya sa aka yi shela: a rage wutar murhu, a rage zirga-zirga, a buɗe rumbu. A kwanakin farko Ma'aji ya ɗan ciri tubali ya sarrafa ya aika fada, don fada ba ta san komai ba sai zaƙi. Da abin ya yi tsawo sai ya koyi tace mai ya yi wa sarki wani abin sha, fada ta saba da shi, aka sassauta wa ganuwa. Aka yi ta shan mai har tuluna suka yi ƙasa. Ganuwa ta ɗan zabge amma tana tsaye. Jaki kuwa a ƙofa yake wuni yana leƙen hanya, yana kuka, ko ɓawon gyaɗa ya gani sai ya jawo shi ciki. Da damina ta yi albarka ya wangale ƙofa, Kurciya ta tashi, Zanzaro ya kama aiki, kafin kaka ta zagayo ganuwa ta koma yadda take. Wannan ita ce ramar yunwa, kuma abinci yana maganinta.

Bayan shekaru, wata Gafiya ta haihu a unguwar gabas. Ba baƙuwa ba ce, 'yar gari ce, nan aka binne cibiyarta. Dokar garin Jiki ita ce kowane gida ya haihu daidai ɗakunansa, tsoho kuma in lokacinsa ya yi ya kauce wa na baya. Gafiya ta toshe kunne ga wannan doka. Ta haihu, 'ya'ya suka haihu, jikoki suka haihu, ba mai kaucewa. Suka haƙa rami a ƙarƙashin unguwar, suka jawo lambatu daga rijiya har cikin ramin, ruwa da rake suka riƙa isa gare su ba tare da fada ta sani ba.

Cin rakensu ma daban ne. Kowa a garin in ya samu gaɓa ɗaya yakan tauna ta har sai tukar ta bushe, ya sami ƙarfi wajen mudu talatin. 'Ya'yan Gafiya gatsa ɗaya suke yi, su tsotsi mudu biyu, su tofar da sauran da ruwansa, su jawo wata. Shi kuwa Kunkuru ba ya iya ganin abinci a ƙasa. Ya sa aka riƙa kwashe tukar ana kai masa, ya matse, ya dafa, ya mai da ita mazarƙwaila ya mayar kasuwa. Kowace dahuwa tana cin itacen mudu shida. Mazarƙwailar na fita kasuwa 'ya'yan Gafiya su riga kowa, su gatsa, su tofar, a sake kwasowa. 'Ya'yan Gafiya su ne ƙwayoyin ciwon daji, raminsu ƙari, Kunkuru kuma hanta. Otto Warburg na Jamus ne ya lura a shekarun 1920 cewa ƙwayoyin ciwon daji suna zuƙe sukari su zubar da shi a matsayin laktet ko da iskar oksijin tana nan. Kai-komon laktet tsakanin jiki da hanta kuwa Carl Cori da matarsa Gerty ne suka bayyana shi. Ƙari ya ci biyu, hanta ta biya shida, mara lafiya yana kwance a tabarma jikinsa yana ƙona abinci kamar mai aikin ƙarfi.

Duk da haka, da ɓarnar ta tsaya nan da garin ya jure. Ramin Gafiya bai fi zaure ɗaya ba. Yakan faru ƙarin da bai kai kilo guda ba ya zubar wa mutum da kilo 10 ko fiye, kuma cin ƙarin kaɗai ba zai iya haifar da hakan ba. Abin da ya karya garin ganga ce.

Karnuka, dogaran gari, suka shinshino ramin. Suka kewaye shi suna haushi, suka aika wa Burtu, Sarkin Makaɗa, ya buga gangar yaƙi. Gangar nan tana da doka tun kaka da kakanni. In ta tashi a ƙara wutar murhu ko'ina. Ma'aji ya ajiye kome ya hau dunƙula harsashin majajjawa, kuma da niƙan ƙuli ake dunƙula shi. Ƙadangaru su daina zaɓe, su ɗiga shuni a kan duk tubalin da hannunsu ya kai, mai tsaga da lafiyayye. Zanzaro ya ajiye aiki. Sarkin Ƙofa ya tura ƙyaure. Doka ce mai kyau, ta sha ceton garin. Lokacin da Sauro ya kawo hari da damina, kwana uku aka yi ana kiɗa, aka ciri tubali ɗari, aka kori maharan, ganga ta yi shiru, aka mayar da tubalan cikin mako biyu. Duk wanda ya taɓa tashi daga zazzaɓi ya ga wandonsa ya yi masa yawa ya san wannan kiɗa.

Amma Gafiya 'yar gari ce, warinta warin gari ne. Karnuka su yi haushi su ja da baya, su sake matsowa, ba su kama ba ba su tafi ba. Burtu ya yi ta kiɗa, mako ya zama wata, wata ya zama watanni. Can sai 'ya'yan Gafiya suka lura cewa duk sanda ganga ta tashi, niƙan ƙuli yana malala a lambatu har ramin su, Ma'aji kuma yana sarrafa wani ya zama mazarƙwaila. Sai suka sassaƙa nasu gangunan, suka shiga bugawa daga ƙarƙashin ƙasa. Suka kuma koyi muryar Bushiya, suna kiran ya isa, ya isa, alhali ganuwa tana zubewa.

Ƙadangaru suka ƙarar da tukunya bayan tukunya. Babban ya ce wa ƙaramin, "Kai, tubalin nan fa lafiyarsa lau." Ƙaramin ya ce, "Yaya, ba ka jin ganga ne? Mu dai namu ɗigawa." Turmin Gara bai ƙara hutawa ba. A rumbu ma aka fasa tuluna, wasu aka sha, wasu aka tuttula a wuta ba don dafa kome ba, zafi kawai suke bayarwa.

Sai kuma 'ya'yan Gafiya suka ɗauki Mujiya haya. Kowane dare takan sauka a kan soron bayan fada, inda ɗan ɗakin da ke kula da guba yake, ta yi raɗa cewa abincin da ke shigowa akwai sammu a ciki. Daga ɗakin nan saƙo ya riƙa zuwa wa Jaki kai tsaye.

Wata safiya Inna ta dama kunun gyaɗa, ta sa masa tsamiya daidai yadda Jaki yake so, ta juye a ƙwarya ta rufe da faifai. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Sarkin Ƙofa, ga shi da ɗuminsa." Jaki ya buɗe ƙyaure kaɗan, ya sa hanci, ya kau da kai. Ya ce, "Inna, ƙarni nake ji." Ta ce, "Haba ɗan nan, gyaɗar jiya na soya ta da hannuna. Ko ludayi uku." Ya karɓi ludayi ɗaya, ya karɓi na biyu, a na uku ya ce wallahi gari ya cika, ba masaka tsinke. Ta koma ta yi farfesun kaza, ya ce warin naman yana tayar masa da zuciya. Ta yi fura da nono mai sanyi, ya sha kurɓi biyu. Da magariba ta kwashe ƙwarya huɗu kusan yadda ta kawo su, ta zauna bayan bukka ta yi kukanta inda ba mai gani.

Dangi suka ji labari suka zo daga Rurum da Saji da Tarai. Suka ga ganuwa ta yi sirara har ana hango rana ta cikinta. Raƙumi, wanda shi ne babba a cikinsu, ya dubi Inna ya ce, "Ke, me kike dafa musu? Gari a hannunki ya lalace haka?" Ta ce, "Baba, ina dafawa, karɓa ne ba a yi." Ya ce zancen banza ke nan, ba a ƙin abinci mai daɗi. Suka haɗa ƙarfi suka banke ƙyaure, suka tura buhu-buhu na ƙuli da tulun mai da damin rake. Rabi Jaki ya watso waje da ƙarfi har da hawaye. Abin da ya shiga kuwa, Kurciya ta tashi da murna ta nufi wurin Zanzaro tana kira, amma ƙarar ganguna ta danne muryarta, bai ji ba. Ƙulin ya wuce wurin Ma'aji ya zama harsashi da mazarƙwaila. Mai kaɗan ya shiga rumbu. Ganuwa ba ta samu ko tubali ɗaya ba.

Nan ne abin yake ci mini rai, don a gidajenmu na Rano da Kibiya da sauran ƙasar Hausa haka ake yi wa matan da ke jinya. Mace ta kwana ba barci, ta sayar da akuyarta ta sayo kaza, sannan dangin miji su zo su auna ƙoƙarinta da kaurin damtsen mara lafiya. Shi ma mara lafiyar a sa shi gaba da faɗa, a ce ya sa wa ransa mutuwa ne shi ya sa ba ya ci. Babu mai laifi a cikinsu. A 2011 wani taron ƙwararru na ƙasa da ƙasa ƙarƙashin Kenneth Fearon na Edinbara ya fayyace wannan rama, wadda likitoci ke kira kakeksiya, da cewa zubewar tsoka ce da abinci kaɗai ba ya iya mayarwa gaba ɗaya. Suka sa mata ma'auni: wanda ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata shida ba da niyya ba, wato mai kilo 60 ya zubar da fiye da kilo 3. Ta fi kama masu ciwon dajin tumbi da fankiriyas da maƙoshi da huhu, kuma fiye da rabin waɗanda ciwonsu ya yi nisa suna fama da ita. Mai jiki ma ba ya tsira, sai dai kitse ya ɓoye zubewar har a makara.

Ana cikin wannan sai ga Gizo da jakarsa. Ya faɗi gaban Zaki ya ce, "Yanka ya daɗe, na duba na gani. An kama kurwar gari, kuma mayyar tana bakin ƙofa." Kowa ya juya ya dubi bukkar Inna. Aka ɗaure ta a turke, aka ce sai ta tsallaka gari ta saki kurwa. Gizo ya ciro wasu ƙwayoyi ya ce sunansu sha-ka-fashe, ya karɓi tulun mai biyu a cikin ɗan abin da ya rage. Aka jefa ƙwayoyin a rijiya. Da farko abin kamar gaske: ganga ta yi ƙasa, Jaki ya buɗe ƙofa ya ci, fuskar gari ta yi fam. Aka yi guɗa. Bayan 'yan makonni ruwa ya taru a unguwanni ya kumbura su, Karnuka suka yi laushi har ɓarayi suka riƙa shiga, Ƙadangaru kuma suka ƙara sauri. Cikin irin waɗannan ƙwayoyi da ake sayarwa don ƙiba akwai dezametazon. Likitoci suna ba da shi na 'yan makonni don buɗe ciki da rage wahala, bisa awo, amma in aka daɗe ana sha shi kansa yana zaizaye tsoka, musamman ta cinya, yana kuma raunana garkuwar jiki. Kafin a farga Gizo ya tsallake zuwa kasuwar gaba.

Da hadarin farko ya haɗu sai Shamuwa ta dawo daga cin rani, ta sauka a kan kukar ƙofar gari. Ta ga ganuwa, ta ga Inna a turke, ta saurari ganga. Ta sauka fada ta yi gaisuwa ta ce, "Allah ya ja zamanin sarki. Wannan kiɗa na san shi. A hanyata ta kudu nakan yada zango a ƙasar Kenya, na ga garuruwan shanu da Ƙudan Tsando ya kai wa sammore. Maharan ba su da yawa, ciyawa ga ta har gwiwa, amma ganuwar garuruwan tana zubewa kamar taku. A can ma ganga ce ta ƙi yin shiru. Ku kwance baiwar Allah nan, ku nemi abin da ake yi wa kiɗa."

Labarin Shamuwa gaskiya ne. Anthony Cerami na Jami'ar Rockefeller da ke birnin New York ya ga shanu masu sammore a Kenya a shekarun 1970, ya yi mamakin yadda suke ƙanjamewa fiye da abin da yawan ƙwayar cutar zai iya jawowa. Ya koma ya bi sawun abin a jikin zomaye da ɓeraye, ya gano cewa ƙwayoyin garkuwar jikin dabbar ne da kansu suke fitar da wani sinadari mai jawo ramar. Aka sa masa suna kakektin. A 1985 shi da Bruce Beutler suka nuna cewa sinadarin shi ne TNF, wanda wasu masana suka riga suka sani da kashe ƙari a jikin ɓeraye. TNF ita ce ganga ta farko. Da aka gwada magungunan da ke toshe ta a jikin masu ciwon daji, ramar ba ta tsaya ba, don gangunan suna da yawa: akwai IL-6, wadda ke sa hanta ta duƙufa kan ƙera furotin na yaƙi irin su CRP da ake aunawa a jini, akwai IL-1, akwai aktibin da ke kwaikwayon Bushiya. Mujiya ita ce GDF-15, kuma a 2017 aka gano inda take sauka, wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa ta baya, inda tashin zuciya da amai suke farowa.

Zaki ya sa aka kwance Inna. Raƙumi ya sunkuyar da dogon wuyansa ya ce, "Ki yafe mana." Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta tafi ta hura wuta. Aka aika Kano aka ɗauko Dila, malamin dawa. Da ya zo bai tambayi abin da ake dafawa ba. Ya sa igiya ya auna kaurin ganuwa, ya tambayi kaurinta a bara. Ya ɗebi ruwan rijiya ya duba. Ya kara kunne a ƙasa yana bin sautin ganga unguwa-unguwa, har ya tsaya a gabas ya ce a haƙa nan.

Aka haƙa aka tarar da ramin, amma ba shi kaɗai ba ne. 'Ya'yan Gafiya sun bi lambatu sun kafa wani a ƙarƙashin gidan Ma'aji, wani kusa da ɗakin zuga-zugi. Dila ya daɗe bai ce kome ba. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba. Da rami ɗaya ne da na tone shi, ganga ta mutu da kanta. Yanzu in na bi su duka, garin zan rushe. Zan sa musu hayaƙi su ragu, kiɗa ya yi sauƙi. Amma hayaƙin yana da nauyi, gari mai siririyar ganuwa ba ya ɗaukarsa da yawa." Haka abin yake a asibiti. Wanda tsokarsa ta zube ba ya jure maganin ciwon daji kamar mai tsoka, tiyata ma ta fi yi masa wuya, har likita yakan rage awo ko ya dakata. Shi ya sa ramar da ba a san dalilinta ba take buƙatar a hau sikeli a babban asibitin Rano tun tana kilo uku, in an tura mutum Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya ya tafi da ƙafarsa.

Sarki ya tambaya ko akwai mai iya kama Mujiya da masu kwaikwayon Bushiya. Shamuwa ta ce ana kan ɗana musu tarko a ƙasashe masu nisa. A 2010 an toshe hanyar aktibin da mayostatin a jikin ɓeraye masu ciwon daji, tsokarsu ta dawo, suka kuma fi daɗewa a raye alhali ƙarin yana ci gaba da girma. A 2021 Japan ta amince da anamorelin, mai tayar da sha'awar abinci. A 2024 aka buga sakamakon gwajin ponsegromab, mai kama GDF-15, a kan marasa lafiya 187, inda waɗanda suka sami awo mafi girma suka ƙara kusan kilo 3 cikin mako 12 a kan waɗanda ba a ba su ba. Dila ya ce tarkunan nan ba su zo jakarsa ba tukuna, da abin da ke hannu za a yi aiki.

Ya kira Inna ya ce, "Inna, daina kawo ƙwarya. Kawo ɗan moɗa, sau shida ko bakwai a wuni, abin da Sarkin Ƙofa ya ce yana marmari, ko da ba shi kika yi niyya ba. Ki sa ƙwai da nono da wake da gyaɗa a cikin ɗan abin da zai karɓa. In ya ce ya isa, ki ɗauke ba tare da ɓacin rai ba." Ya ba da maganin ciwo da na tashin zuciya, ya wanke gyambon da ya fito a bakin ƙofa, don ƙofa mai ciwo ba ta buɗuwa. Sannan ya ce kowace safiya a sa mahaya su zaga kan ganuwa, ko taku ashirin ne, domin Zanzaro ko bai ji Kurciya ba yana jin nauyi a kan gini, in ya ji kuwa yakan ɗauki tubali.

Aka yi haka. Hayaƙi ya rage 'ya'yan Gafiya, kiɗa ya lafa, Ƙadangaru suka sassauta hannu. Ganuwa ba ta koma kaurinta ba, amma ta daina zubewa har aka yi girbi. Jaki ya sha fura ran sallah, ya ce a ƙara masa. Da rani ya yi tsakiya ramuka suka sake cika, ganguna suka tashi fiye da da, shuni ya kai ga tubalan da ke riƙe da zuga-zugi da gwafannin rijiya. Iska ta riƙa zuwa da ƙyar, guga ya riƙa fitowa rabi. Inna tana bakin ƙofa tana jiƙa wa Jaki leɓe da ruwa a tsumma har garin Jiki ya tashi, dangi duka suna wurin, ba wanda ya ƙara ɗora mata laifi.

Da damina ta zagayo Shamuwa ta dawo, ta wuce kufai ta sauka a wani gari can wajen Tarai. Tun daga sama ta jiyo ganga ƙasa-ƙasa. Sarkin Ƙofar garin ya fara mayar da abinci, ganuwa ta ragu da ɗan yatsa uku, dangi har sun fara kallon mai dafa musu. Raƙumi yana cikinsu. Shi ya hana kowa magana, ya durƙusa ya ce a ɗora masa mai kai saƙo, ya kwana yana tafiya ya ɗauko Dila daga Kano. Dila ya kara kunne a ƙasa, aka haƙa, rami ɗaya aka tarar. Ya tone shi har gindi, ya bi gefe da gefe da hayaƙi. Kwana kaɗan Burtu ya rataye ganga, Mujiya ta tashi daga soro, Kurciya ta yi kira Zanzaro ya amsa. Damina biyu ya yi yana gini kafin mahaya biyu su sake jerawa a kan ganuwar.

Ƙurunƙus kan kusu.